Gugar cikin bindigar fenti: abin da ya faru a wani filin wasa a Katsina

Filin da kayan aikinsa

A bayan garin Katsina, ta hanyar Dutsin-Ma, wani matashi ya kama hayar fili, ya kewaye shi da doguwar raga, ya jera tsofaffin tayoyi da durom da buhunan yashi a ciki, ya buɗe wurin wasan harbin fenti. A Abuja ya san wasan, lokacin da yake hidimar ƙasa. Da ya dawo gida sai ya haɗa abin da ya tara da ɗan tallafin yayansa, ya sayo bindigogin fenti takwas na hannu daga wani fili da ya rufe a Legas, duk ƙirar Tippmann 98 Custom, haɗe da tukwanen gas da marufan fuska. Bai buɗe ba sai da ya kai kayan gaban mai unguwa da 'yan sanda suka gani da idonsu. A halin da jihar take ciki, ba mai hankalin da zai ajiye abin da ya yi kama da bindiga hukuma ba ta sani ba, kuma har yau ƙa'idarsa ita ce mai wasa ba ya ƙetare ragar filin da bindiga.

Yawancin masu zuwa ɗalibai ne, tunda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin fasaha ta Hassan Usman duk a wannan hanyar suke. Sai ma'aikatan banki ranar Asabar, sai abokan ango da suka gaji da ƙwallon sada zumunta. A raba su gida biyu, wanda fenti ya fashe a jikinsa ya fita.

Ƙwallon fentin da bindigar ke harbawa ɗan ƙarami ne. Kaurinsa inci 0.68, kimanin milimita 17, nauyinsa wajen giram 3. Ɓawonsa na jelatin ne, irin na kafson magani, cikinsa kuma ruwa ne mai kauri mai launi da ke fita da wanki. Wasan ma bai daɗe a duniya ba: a watan Yunin 1981 aka fara buga shi a Henniker ta jihar New Hampshire a Amurka, mutum 12, da bindigogin da asali an ƙera su ne don yi wa itatuwa da shanu alama daga nesa. Wanda ya taɓa shiga karar Charanchi ko ta Mai'aduwa ya ga yadda ake shafa wa dabbar da aka saya fenti a gadon baya, ya san amfanin abin.

Sai an san cikin bindigar kafin a gane abin da ya biyo baya. Jikinta ɓari biyu ne na alminiyam, an haɗe su da notina. In aka buɗe, a baya akwai guduma, wani dunƙulen ƙarfe mai zoben roba a goshi, sifirin yana tura shi. A gaba akwai matura ta filastik. Siririyar sanda ta ƙarfe ce ta haɗa su, tare suke tafiya tare suke dawowa, bawul kuma yana tsakaninsu cikin wani bututun filastik. Idan an ɗana, wani ɗan harshen ƙarfe, mariƙi, shi ke tsare guduma a baya. Ana jan kunama sai mariƙi ya saki, guduma ta ruga gaba, matura ta cusa ƙwallo cikin bututun harbi, guduma ta bugi kan bawul, gas ya fito. Mafi yawansa ya bi bayan ƙwallon, sauran ya turo guduma baya ta sake maƙalewa a mariƙi. Ba batir, ba waya. Gas ɗin da ya yi harbin shi ne ke sake ɗanawa, don haka duk abin da ya rage ƙarfin gas, ko ya riƙe guduma a hanya, a wurin ɗanawar ake fara ganinsa.

Gas ɗin CO2 ne, irin wanda ke cikin lemon kwalba da wasu tukwanen kashe gobara. Daga Kano ake kawo masa babbar silinda, shi kuma ya riƙa ɗurawa a ƙananan tukwane masu cin oza 20, wato kimanin giram 570. Ƙa'idar wasan a ko'ina ita ce gudun ƙwallo kada ya wuce ƙafa 300 a sakan, kimanin mita 91, filaye da yawa ma a 280 suke tsayawa.

Nuwamba: hazo ya sauka

A ƙarshen damina aka buɗe filin, kuma makonnin farko lafiya lau aka yi su. Da hazo ya sauka sai ƙorafi ya fara zuwa, iri uku. Na farko, mutum yana tsakiyar harbi bindiga ta yi burrr, guduma ta hau karkarwa ta kasa maƙalewa, sai ya tsaya ya ɗana da hannu, kafin nan an gama da shi. Wannan ya fi yawa da safe. Na biyu, ƙwallo ɗaya ya fita da ƙarfin da zai bar shaida a fata, na bayansa ya zube a gaban mai harbi. Na uku, ƙwallo ya fashe cikin bututu, daga nan duk abin da ya fito sai ya kwana hagu ko dama.

Ɗalibai ba su da kara a irin wannan. Nan da nan suka san bindiga lamba 3 da lamba 5, in aka zo rabo kowa ya kauce masu. Mai filin ya koma rama wa mutane ƙwallayen da suka fashe, alhali katan ɗaya mai ƙwallo 2,000 daga Legas yake zuwa, farashinsa kuma bin dala yake yi. A lokacin ba shi da na'urar auna gudu. Da kunne yake aunawa, da kuma irin ƙarar da ƙwallo ya yi a jikin katako.

Farkon Disamba: dabarun farko

Abin da ya fara yi shi ne taɓa notin gudu. A gefen bindigar akwai wani ɗan noti da ake juyawa da alanki. In an shigar da shi ya tare hanyar gas gudu ya ragu, in an fito da shi gudu ya ƙaru. Ya sassauta na duka takwas. Da safe abin ya yi kamar ya yi, amma da rana ta take sai harbi ya yi zafi, har wani ɗalibi ya tafi da kumburi a wuya. Karkarwar guduma kuwa tana nan.

Sai shawarar wani mai gyaran babur: a zuba baƙin mai. An zuba. Kwanakin farko guduma ta yi laushin tafiya, daga baya man ya kama ƙurar hunturu ya zama taɓo baƙi ƙirin a ciki, zobban roba kuma suka kumbura, don man da aka tato daga ɗanyen mai ba ya shiri da wasu robobin. Zoben bakin tukunya ma da ya yage, na shagon masu kayan famfo aka sa. Irin wannan baƙar robar mai laushi tana shan CO2, in an kwance tukunya sai a ga zoben ya yi suntum ya fita daga gurbinsa.

Dabara ta uku ita ce miƙe sifirin da hannu don guduma ta ƙara ƙarfin bugu. Bugun ya ƙaru na ɗan lokaci, amma gas ɗin da zai mayar da guduma baya ya koma kokawa da sifirin mai tauri, sai karkarwar ta ƙara yawa. Uku aka gwada, ba wadda ta kawar da ko ɗaya daga cikin ƙorafin nan uku.

Ƙarshen Disamba: gugar farko

A YouTube ya ci karo da maganar guga. Masu irin wannan bindigar a ƙasashen waje sun daɗe suna yi: a buɗe ta, a goge hanyar da guduma ke bi har ta yi sheƙi, saboda fentin da aka fesa wa jikin yakan shiga ciki ya bar kaushi. Abin da ake cewa ana samu ba kaɗan ba ne. Wai gudu zai ƙaru kuma ya daidaita, gas zai yi auki, saiti zai gyaru.

Ya ɗauki lamba 3, wadda ta fi kowace baƙin jini, ya kai wa wani dattijo mai gyaran keken ɗinki a wajen Ƙofar Ƙaura. An cire tukunya, an ja kunama a fili don sauran gas ya fita, sannan Baba ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan babban faranti kafin ya raba ɓarin biyu, domin akwai ƙananan sifirin da fil-fil da in suka yi tsalle suka faɗa ƙasa sai dai haƙuri. Abin da suka gani a ciki ba kyan gani: taɓon baƙin mai da ƙura, busasshen fenti mai ruwan ɗorawa ya daskare a kusurwa, zoben goshin guduma ya tsage gefe ɗaya. Da aka wanke sai hanyar gudumar ta fito, kaushi-kaushi in ka shafa da yatsa, ban da wasu layuka biyu masu ƙyalli inda gudumar ta riga ta cinye wa kanta hanya tsawon shekaru.

Baba ya naɗa samfefa a guntun katako mai kaurin gudumar, ya riƙa tsomawa a ruwa. Ya fara da mai lamba 400, ya bi da 800, da 1200, ya ƙare da 2000, lamba na hawa laushi na ƙaruwa, sannan man gogen ƙarfe da tsumma har mutum na ganin inuwar fuskarsa a ciki. Jikin gudumar ma ya bi shi da samfefa mai laushin kawai. Da mai filin ya miƙo masa mariƙi, sai ya mayar masa. "A'a, Alhaji ƙarami, nan ba a taɓa shi. Kaifin nan shi ke riƙe da ita." Haka ya bar leɓen gudumar inda mariƙin ke kamawa, ya bar bawul, ya bar duk abin da yake na filastik. Aikin ya ci daga hantsi zuwa la'asar. Aka sa sabbin zobba daga wata 'yar leda da ta zo tare da bindigogin ba a taɓa buɗe ta ba, aka mayar da sifirin mai kyau, aka ɗiga man da aka yi don bindigar.

Ranar Asabar lamba 3 ta zama abin rububi. Ba karkarwa, ba faɗuwar ƙwallo, ƙararta ma ta sake. Ranar Litinin mai filin ya dawo da sauran a buhu, yana so a goge su duka.

Baba bai karɓa nan take ba. Ya ce: "Ɗan nan, abu huɗu muka yi mata rana guda. Wanki, roba, mai, guga. Wanne ka ke yi ma godiya? Mafi yawan keken da ake kawo mani wanki da mai kawai yake so, amma mai shi ya fi son ya ji an ce an yi mashi babban aiki." Kuɗi ne yake korewa daga aljihunsa da wannan maganar, kuma ya sani. Ita ce ta haifar da gwajin.

Janairu: gwajin gaba da gaba

Mai filin ya yi odar na'urar auna gudu, 'yar ƙarama mai batir da ake riƙewa a ƙarƙashin bakin bututu ta nuna lamba bayan kowane harbi. Aka ware bindiga shida. Lamba 3 an riga an goge ta, lamba 8 kuma aka bar ta don masu wasa.

An fara auna shidan yadda suke, harbi 20 kowace. Tsakanin harbin da ya fi gudu da wanda ya fi sanyi a bindiga ɗaya ana samun ƙafa 50 zuwa 60. Wata ta ba da 245, harbi na gaba ta ba da 300.

Mataki na farko, aka yi masu duk abin da aka yi wa lamba 3 ban da guga: wanki, sabbin zobba, sifirin daidai, mai iri ɗaya, aka saita kowace kusa da 280. Da aka sake aunawa tazarar ta sauko zuwa wajen ƙafa 25. Da rana kuma ba wadda ta yi karkarwa, ko ɗaya.

Mataki na biyu, aka yi ƙuri'a aka fitar da uku, Baba ya goge su kamar yadda ya yi wa ta farko, bai taɓa notin gudu ba. Ya rufe lambobin duka shida da salatif, ya sa masu haruffa, shi kaɗai ya san wacce ce wacce. Aka ɗaure kowace a kan benci don kada hannu ya shiga lissafi. Bututun harbi guda ɗaya aka riƙa ciro wa wannan a ɗaura wa waccan, ana share shi tsakani. Tukunya ɗaya, an auna ta a sikeli, tana inuwa. Ƙwallaye daga leda ɗaya. Harbi ɗaya duk bayan sakan uku, don kada tukunyar ta yi sanyi. Allon farin katako a nisan mita 15.

Ga abin da littafin ya nuna bayan an cire salatif. Matsakaicin gudun gogaggun ukun ya hau da kimanin ƙafa 5, abin da ɗan juyin alanki zai bayar ko ya ɗauke. Tazara tsakanin harbi da harbi ta tsaya tsakanin ƙafa 20 da 25 a ɓangarorin biyu, kuma wadda ta fi kowace daidaito tana cikin waɗanda ba a goge ba. A jikin allo, fentin kowace ya bazu a faɗin kimanin santimita 40, ba mai iya kallon allo ya ce wannan aikin gogaggiya ne. Wajen aukin gas, mazubin ƙwallo yana cin 200, kuma kowace bindiga ta cinye mazubi huɗu da rabi zuwa biyar kafin tukunya ta gaza. Gogaggun sun ɗan ƙara wasu harbe-harbe a ƙarshen tukunya, sai dai bambancin bai kai wanda ake samu tsakanin ɗuri da ɗuri ba.

An kuma ba wasu ɗalibai su taɓa ba tare da an gaya masu komai ba. In suka ja maɗanin da hannu, yawancinsu suna ganewa: wannan sumul take tafiya, waccan tana ɗan ƙuga. In kuwa aka miƙa masu a ɗane aka ce su yi harbi su faɗa, sai canki-canka.

Wuri ɗaya ne ɓangarorin suka rabu a fili. Da sassafe, ƙarfe bakwai, sanyi na wajen digiri 14 zuwa 15, aka yi harbi 30 a jere da sauri har raɓa ta kwanta a jikin tukunya. Biyu daga cikin marasa guga suka hau karkarwa kafin a kai ƙarshe. Gogaggun uku suka kai. An maimaita a wasu safiyoyin, kusan haka abin ya riƙa fitowa.

Wani abu da ya tayar wa mai filin hankali a makonnin farko shi ne baƙin da ya riƙa gani a tsumma duk lokacin da ya share gogaggun, ko da ba ƙura. Alminiyam ɗin da aka tsiraita ne ke haɗuwa da mai yana ba da wannan baƙin. Ya ragu da kansa.

Fabrairu: lamba 8

Yaron da ke taimaka masa a filin ya ga yadda ake yabon sheƙi, ya so ya nuna shi ma ya iya. Wata ranar da maigidan ya tafi Kano ɗauko gas, ya buɗe lamba 8 ya bi ta da samfefa mai lamba 180, ya kai guduma da mariƙi wurin mai walda aka kara su a injin guga. Sun yi ƙyalli kam. Amma kaifin mariƙin ya dakushe, leɓen gudumar ya zama kwana, hanyar gudumar kuma ta buɗe har tana ɗan lilo a ciki.

Ja ɗaya sai ta saki harbi biyu ko uku, tana yanka ƙwallaye a baki. Rannan kuma an ajiye ta a kan tebur a ɗane, wani ya bugi tebur ɗin, ta tashi da kanta. Allah ya taimaka marufin bakin bututu yana ɗaure, ƙwallon a cikinsa ya fashe, domin a wurin hutawa ne, ba mai marufin fuska a kusa. Ƙwallo mai wannan gudun in ya sami ido, idon ya tafi.

An ajiye ta makonni kafin sabon mariƙi da guduma su iso, kuma kuɗinsu da na aike ya fi abin da aka biya Baba a gugar huɗun gaba ɗaya. Lilon bai tafi ba, don ƙarfen da samfefa ta ci ba ya dawowa. Tana aiki yanzu, amma ita ce mai yawan cin zoben roba.

Maris da Afrilu: bazara

Zafi ya shigo da nasa. Karkarwar safe ta ɓace a duka bindigogin, gogaggu da marasa guga, sai wata sabuwa ta ɓullo: a saita bindiga a 280 da safe, ƙarfe biyu na rana a same ta ta haura 310. Duka suke yi.

Dalilin yana cikin tukunya. CO2 ruwa ne a ciki, samansa kuma tururi, kuma ƙarfin matsin tururin zafin jikin tukunyar yake bi. A ma'aunin da masu faci ke auna taya da shi, inda tayar ƙaramar mota ke cin fam 30 da ɗoriya, CO2 yana ba da wajen fam 650 a digiri 10, wajen 740 a digiri 15, wajen 830 a digiri 20, ya haura 1,000 a digiri 30. Daga digiri 31 zuwa sama ba ya zama ruwa kuma, cikakkiyar tukunya sai matsinta ya yi ta hawa da sauri. A Katsina kuwa bazara na kai digiri 40 har ta wuce. Harbi da sauri yana sanyaya tukunya matsi ya faɗi, sunkuyar da baki ƙasa kuma yana tura ruwan cikin bawul, sai a ga farin hayaƙi, gudu ya yi tsalle. Wata tukunya da aka manta a but ɗin mota da rana, ɗan faifan kariyar da ke wuyanta ya fashe, ta zubar da gas ɗinta gaba ɗaya. Aikinsa ke nan, don kada tukunyar kanta ta tarwatse.

Wani abokinsa mai fili a Abuja ya ara masa tukunyar matsattsiyar iska, irin mai ɗaukar fam 3,000, da regileta a wuyanta da ke sakin wajen fam 800 ko da sanyi ko da zafi. Aka ɗaura ta a gogaggiya ɗaya da marar guga ɗaya. Tazarar ta sauko zuwa wajen ƙafa 10 a duka biyun.

Saura maganar saiti, wadda ta ƙara lalacewa a Afrilu, fenti na bazuwa sama da santimita 60 a allo. Ashe ba a bindiga gizo ke saƙar ba. Katan-katan ɗin ƙwallaye a wani ɗaki mai rufin kwano suke kwana. Da aka zazzage leda ɗaya a faranti, wasu sun lotsa inda suka jingina da juna, wasu sun yi maiƙo sun manne, in ka mirgina su sai su yi ta tangaɗi. Jelatin ba ya son zafi, yana laushi. Ba ya son bushewa da sanyi, yana gautsi, wanda shi ne ya riƙa fashewa a bututu da hunturu. Ba ya son laima, yana kumbura. Da sabon katan ya iso aka gwada shi a ranar, bindiga ɗaya, bututu ɗaya, nisa ɗaya, fentin ya taru a faɗin kimanin santimita 25. Marar guga ce ma aka yi gwajin da ita.

Mayu zuwa yau: tsarin da ya zauna

Bai sayi injin ɗura matsattsiyar iska ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin filin a yanzu. CO2 ɗin ya ci gaba da amfani da shi, sai dai da sharuɗɗa. An rubuta nauyin kowace tukunya babu komai a jikinta, ɗuri a kan sikeli ake yi, ba a wuce abin da aka rubuta mata. Tukwane a inuwa suke zama, ba sa shiga mota da rana. Ana auna gudun kowace bindiga da safe, a sake aunawa bayan azahar, wanda kuma ya haura 280 a sauke shi kafin a shiga fili. Ƙwallaye sun koma ɗakin ƙasa a gidan mahaifiyarsa, cikin kula marar ƙanƙara, ledoji a ɗaure, ana juya su duk mako, kuma ya daina sayen katan da yawa lokaci guda ko da an rage masa kuɗi. Duk ranar Lahadi da yamma ana share bututu da matura, a ɗiga mai. Buɗe ɓari biyu kuwa wata-wata ne, da hunturu a matso da shi. Yaron ba ya buɗe bindiga sai maigidan na tsaye. Ramuwar ƙwallaye ta yi ƙasa sosai, kuma ɗalibai sun daina zaɓen lamba.

Hukunci

Guga ta yi abu biyu, kuma na gaskiya ne. Ta rage tirjiyar guduma, shi ya sa in matsin gas ya faɗi, da sanyin safiya ko a ƙarshen tukunya, ɗan abin da ya rage yakan isa ya mayar da ita ga mariƙi. Ta kuma sauƙaƙa shara, tunda ƙura ba ta samun kaushin da za ta maƙale. Ga filin da ke buɗewa ƙarfe bakwai a Janairu, na farkon ba abin rainawa ba ne.

Sauran alkawuran ba ta cika ko ɗaya ba, kuma in aka dubi ƙirar bindigar bai kamata a yi tsammani ba. Guduma ba ta taɓa ƙwallo. Aikinta ta buɗe bawul. Yawan gas ɗin da zai fita ya dogara ne ga matsin tukunya da lafiyar zobba da notin gudu, inda ƙwallo zai sauka kuma ya dogara ga siffar ƙwallon da tsabtar bututu. Rabin tazarar gudu wanki da roba ne suka ɗauke ta, rabin abin da ya rage kuma canjin gas. Abin mamakin da aka gani a lamba 3 a Disamba aikin wanki ne da zoben da bai kai kuɗin samfefar ba, guga ta karɓi yabon don ita ce ake gani da ido. A ganina kuskure mafi tsada a cikin watannin nan ba lamba 8 ba ce, makonnin da aka yi ana juya noti ba tare da na'urar aunawa ba ne, domin a nan ne aka yi wasa da fatar mutane da idanunsu.

Ukun da ba a goge ba har yau ba a goge su ba. Ya ce in hunturu ya kusa zai kai wa Baba su, hanyar guduma kawai, daga 800 zuwa sama. Abin da ke gabansa yanzu damina ce: ledar da aka buɗe da safe, kafin la'asar ƙwallayenta sun sha laima sun kumbura, in ka sa ɗaya a bututu ka hura da baki ba ya fita. Ya fara raba su a ƙananan ledoji na ɗari-ɗari, ana buɗe ɗaya sai an gama da ɗaya, ya kuma yi odar bututu guda mai ɗan faɗin rami don ya gwada a kan allon nan na mita 15.